Shuɗin Faci a Kuben Baba

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, Baba dai ya riga mu. Ya cika ranar Talata da hantsi a ɗakinsa na kusa da zaure, a ƙauyenmu da ke hayin kogin Challawa, muka kai shi makwancinsa bayan azahar. Ni ne babban ɗansa, ni na zauna a kan tabarma kwana bakwai ina amsa "ya haƙuri". Abin da kunnena ya ji a zaman nan shi ya sa na ɗauki biro, ni da ban saba rubuta komai ba sai sunayen leburori a takardar aiki.

Liman ne ya fara. Ya shafa fatiha, ya ce an yi rashin mutumin kirki wanda bai taɓa saɓa wa kowa ba. Mai unguwa ya karɓe, ya ce irin hikimar da Allah ya zuba a hannun marigayi za a daɗe ba a ga irinta ba. Can sai ga wani Alhaji ya faka fijo a ƙofar gida, ya shigo yana ƙamshin turare, ya kama hannuna da hannu biyu, har da matso ƙwalla.

"Allah sarki, Malam Mai Kube!" in ji shi. "Ai shi ya yi ta ƙetarar da mu lokacin muna akawu a kamfani. Ba don shi ba da tuni an kore mu. Uba ne, wallahi uba ne."

Na ce, "Allah ya ba da lada, Alhaji." Abin da ya kamata in ce ke nan, shi kuwa na ce. Alhajin nan da idona na ga ya tsallaka titi a Sharaɗa, unguwar kamfanoni a Kano, don kada Baba ya miƙa masa hannu. Mai unguwan nan shi ya hana shi sake sa jirgi a ruwa. Limamin kuwa yana gani jama'a suka riƙa barin gurbi a sahu, dama da hagun Baba, kamar mai ciwon da ake ɗauka, bai taɓa juyowa ya ce a matso ba. Yau kowa ya taho da yabonsa a aljihu. Mutuwa dai ta iya wanki, tir!

A cikin gida Gwaggo, ƙanwar Baba, ta yi kuka har muryarta ta dishe. Ƙanwata kuwa, wadda ke bi na, tana zaune a gindin rumbu da carbi a hannu, idonta ƙamas. Gwaggo ta gaji da kallonta ta ce, "Ke wace irin zuciya gare ki? Uban da ya haife ki ne fa aka fita da shi!" Ƙanwata ta ce, "Allah ya jiƙan musulmi," ta ci gaba da jan carbinta. Shekara goma sha ɗaya ke nan rabon da bakinta ya ce Baba, tun ranar da mijinta ya nutse a jirgin da Baba ya ƙera.

Garin nan kaf an tafi a kan cewa sakacin Baba ne ya kashe mijin 'yarsa, wasu ma sun faɗi abin da ya fi haka muni. Ba haka aka yi ba. Mu biyu muka rufe gaskiyar maganar, ɗaya mun binne shi ranar Talata, saura ni. Amma bari in fara gaya muku ko wane ne shi, don yaran yanzu ba su san shi da komai ba sai tsoho mai gyaran takalma a bakin get.

Baba baduku ne ɗan baduku, ya iya jima ya iya ɗinki. Gajere ne mai faɗin ƙirji, yatsunsa sun rine da bagaruwa har sabulu ya haƙura da su. Basillarsa, babbar allurar nan ta ɗinkin fata, kullum tana soke a hularsa, ko masallaci zai je sai Inna ta bi shi da "Malam, cire abin nan". Yana da wata ɗabi'a da ke ba mu kunya, duk abin fata da ya gani sai ya sansana. Baƙo zai tuɓe takalmi a ƙofar zaure, Baba ya ɗauka ya kai hanci, ya ce, "Akuyar nan ta sha yunwa kafin a yanka ta." Ba ya kuma dariya in ya faɗa, don shi ba wasa yake yi ba.

Da aka kakkafa kamfanonin fata a Challawa, fatu suka daina zuwa hannun majeman ƙauye, motoci suka riƙa kwashe su zuwa can. Samarinmu suka bi fatun, ni ma na bi. Baba ya ce shi kam ba zai shiga inda jiniya ce ke gaya wa mutum lokacin cin abincinsa ba. To, ga kogi tsakaninmu da wurin aiki. Da rani yashi ne, ka taka ka wuce. Da damina kuwa sai ya cika ya batse, gada tana can nesa, kafin ka zagaya an busa jiniya an rufe get. Makara uku, an sallame ka.

Wata Lahadi wani Bature mai gyaran inji a ɗaya daga cikin kamfanonin ya aiko a kira masa baduku. Yana da wani siririn jirgi na tamfol da yake wasa da shi a kogi, ƙarfe ya yage masa gefe. Baba ya je. Ɗinkin da bai fi na rabin sa'a ba sai da ya kai shi la'asar, don ya zura kai cikin jirgin yana ta shafa itatuwan da ke ciki, Baturen yana tsaye yana kallon agogo. Da ya dawo ko zama bai yi ba ya ce wa Inna, "Ashe jirgi ma dabba ce. Ƙashin baya, haƙarƙari, sai fata. Me ya fi ƙarfina a nan?"

Inna ta ce, "Ruwan."

Ta kuwa faɗi gaskiya, don Baba bai iya ruwa ba, har ya koma ga Allah bai iya ba. Jirgin farko da ya ƙera ya kife da shi a inda ruwa bai kai ƙugu ba, aka yi ta dariya har da riƙe ciki. Na biyu ya sha ruwa kamar kwando. Na uku ya tsaya. Tsawonsa gaba uku, siriri, baki biyu masu tsini, yana ɗaukar mai tuƙi da mutum biyu. Wani ya ce wannan ai kuben takobi ne, shi ke nan suna ya bi jirgi, Baba kuma ya zama Mai Kube.

Da kaka yake saran geza, ya zaɓi miƙaƙƙun rassa, ya jiƙa su, ya riƙa nuna musu wuta yana lanƙwasawa a gwiwarsa ɗaya bayan ɗaya, su ne haƙarƙari. Gwangwala ce ƙashin baya da dogayen sandunan gefe. Ƙusa ko ɗaya ba ya sawa, komai da tsirkiyar ɗanyar fata yake ɗaurewa. Yakan ce ƙusa ba ta san haƙuri ba, in ruwa ya murɗa jirgi dole gaɓoɓinsa su ɗan motsa, in ba haka ba ya karye. Sai fatar bijimai uku, a cire gashi da toka, a ɗan ba su bagaruwa, a ɗinke su tun suna jiƙe, ƙarti huɗu su ja su a kan ƙasusuwan nan. In ta bushe a inuwa, ka ƙwanƙwasa ka ji ta kamar ganga. Daga nan sai kitse da man kaɗe, a shafa, a bari ta sha, a sake shafawa, har sai ta ƙoshi ta ƙi karɓa.

Sirrin duk yana wurin ɗinki. Basillar Baba ba ta huda fata ta ɓulla ɗaya gefen. Takan shiga rabin kaurin fatar ne, ta kwanta a ciki, ta fito, ta waje layi ɗaya, ta ciki layi ɗaya, saboda haka babu ramin da ya ratsa daga ruwa zuwa cikin jirgi. Ya yi ya yi in koya, hannuna ya ƙi, gaggawa ta yi mini yawa. Ƙanwata ce ta ɗauka tun kafin a yi mata aure. Ita ke murza masa zaren jijiya, ita ke yin layin ciki inda hannunsa ba ya shiga. Yakan duba aikinta, ya juyo gare ni ya ce, "Ranar da aka raba hannu kai kana bayan gida." Kowa ya yi dariya, ni ban taɓa yi ba.

Dokokinsa biyu ne, a kansu kuma ya ɓata da rabin gari. Ta farko gishiri. Duk kuben da aka yi sabo, ko aka taɓa masa ɗinki ko da na tsawon ɗan yatsa ne, ba mai shigarsa sai an loda masa duwatsu nauyin mutum uku, an zuba mudun gishiri a kan ƙyalle a gindinsa, an ɗaure shi a ruwa daga hantsi har la'asar. In Baba ya damƙi gishirin ya zube ta tsakanin yatsunsa, to bismillah. In ya dunƙule, a fito da jirgi a farke ɗinki, ko da mutum ɗari ne ke jira a bakin kogi suna zagi. "Ido yana yi wa mai shi kara," in ji shi, "gishiri ba ya kara."

Ta biyu takalmi. Ba mai shiga kube da takalmi a ƙafa, musamman dogayen nan na roba da kamfani ke ba leburori, sai dai ka ɗaure su ka rataya a wuya. Alhajin fijon nan, lokacin yana ɗan akawunsa, ya taɓa zuwa da sau-ciki mai sheƙi ya ƙi tuɓewa.

Ya ce, "Malam, ka kuwa san ko ni wane ne?"

Baba ya ce, "Na sani, ɗana. Kogin ne bai sani ba."

Ya tuɓe, yana huci.

Akwai wani Buzu mai gadi, mutumin Nijar, da ya kama ɗaki a ƙauyenmu. Bawan Allah bai taɓa ganin ruwan da ya wuce na rijiya ba, in ya sa ƙafa a kube har rawaninsa karkarwa yake yi. Baba yakan zaunar da shi suna fuskantar juna ya ce, "Kada ka kalli ruwa, ni za ka kalla. Gaya mini, raƙuma in ta ƙi ɗanta yaya kuke yi da ita?" Buzu ya shiga bayani da gurɓatacciyar Hausarsa, kafin ya gama an kai gaci. Kullum da sabuwar tambaya, damina guda cur, alhali Baba ba abin da ya dame shi da raƙumi. Buzun nan shi kaɗai ne bai daina zuwa zaurenmu ba bayan abin da ya faru. Ranar Talata shi ya fara shiga ramin kabari da diga, da ya gama ya zo ya zauna a ƙarshen tabarma, bai yabi kowa ba.

Rigimarmu da Baba a kan fata ce. A kamfaninmu da wani magani ake jima, fata ta fito shuɗiya-shuɗiya, da laushi kamar tsumma, ba ta wari, ba ta ruɓewa. Wata rana na ɗauko wani guntu daga cikin yanke-yanken da ake zubarwa na kawo masa, ina ta fankama. Ya sansana, ya yamutse fuska. Ya tsoma a ƙwaryar ruwa, ya ɗago ya matse, ruwa ya zubo kamar daga soso. Ya goga mata kitse, kitsen ya tsaya a sama.

Ya ce, "Wannan ta takalman 'yan birni ce. Fatar da ba ta shan mai, ruwa take sha."

Na ce, "Baba, zamani fa ya wuce bagaruwa. Waɗanda suka ƙera injunan nan sun fi mu sanin fata."

Ya ce, "Sun fi ka dai."

Mako guda ban ci abinci a kwanonsa ba. Guntun kuwa ban yar ba, na cusa shi a saman katanga, ina jiran ranar da zan nuna masa. Kaico.

Mijin ƙanwata mutumin wajen Gumel ne, shiru-shiru, a sashen gishirta fata yake aiki. Ya girme ni, amma Yaya yake ce mini saboda matarsa. 'Ya'yansu biyu a lokacin, ƙaramin yana goye.

Kube biyu Baba ke da su, ɗaya yana aiki ɗaya yana hutawa, don fata ba ta son daɗewa a ruwa. A daminar da abin ya faru, ɗaya an tuɓe shi ana jiran sabuwar fata. Ɗayan kuma fasasshiyar kwalba da ke ɓoye a yashi ta yanke masa gindi, yanka kamar tsawon tafin hannu. A ranar aka aiko cewa aminin Baba ya rasu a wajen Ringim. Ya kife kuben a kan duwatsu, ya ɗauki sandarsa, ya ce mini, "Kada ya taɓa ruwa sai na dawo gobe da azahar." Na ce to.

Da la'asar aka tsuge da ruwa, kogi ya kawo, har hanyar gada ya cinye. Sai ga mijin ƙanwata ya shigo zaure yana jiƙe.

Ya ce, "Yaya, makarata biyu fa. In na ƙara gobe shi ke nan, ban san inda zan sa kaina da yaran nan ba."

Na ce, "Kwantar da hankalinka. Faci ne, ba ginin masallaci ba."

Na sauko da shuɗin guntun nan daga katanga. Na ɗauki basilla na huda fatar fes har waje, na bi da zaren roba layi biyu, na lafta kitse a kai. Wallahi a ido ya yi kyau, har na ja da baya ina yaba kaina. Gishirin yana nan a tukunyarsa a lungun zaure. Na kalle shi, na ce ba lokaci.

Da safe muka sa kube a ruwa, ni a tuƙi, da mijin ƙanwata, da wani saurayi ɗan masunta. Jiniyar farko ta busa daga hayi. Dogayen takalman roba suna ƙafar mijin ƙanwata. Na gan su, ba wai ban gani ba. Na ce, "Shiga kawai, mu tafi."

Ba mu kai tsakiya ba na ji sanyi a idon sawuna. Na ce su kwarfe da hannu. Facin ya jiƙe ya yi laushi, zaren ya fara yanka shi, kowane ramin da na huda ya zama ƙofa. Kube ya yi nauyi ya ƙi jin filafilin tuƙi, igiyar ruwa ta juya shi a karkace, ya kife. Ni da ɗan masunta muka yi iyo muka fita. Shi kuwa sau biyu na ga kansa. Takalman nan suka cika, suka ja shi ƙasa.

Samari suka jawo kuben gaci, duk laka. Ƙanwata ta iso a guje, ba mayafi ba takalmi. Ba ta yi ihu ba. Ta durƙusa a gefen kuben, ta sa tafin hannu tana shafa gindinsa, ta daɗe a haka, har mata suka zo suka ɗaga ta. Na ce a raina gigita ce.

Wajen azahar aka gano gawar a can ƙasa, saiwar itace ta tare ta, jama'a duk suka ɗunguma can. A daidai lokacin Baba ya iso, ko gida bai shiga ba. Ya duba gindin kuben. Ya ɗago ya kalle ni sau ɗaya, kallon da har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Ya zaro wuƙarsa, ya yanke facin, ya sa a aljihu. Da mai unguwa ya zo da 'yan sanda suka tambayi yadda aka yi, ya ce, "Tsohon ɗinkina ne ya saki. Ni na ce wa yaron nan ya shiga da shi." Ina tsaye a wurin, da bakina, da gemuna, ban ce uffan ba.

Aka tafi da shi hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, ya yi kwana uku yana amsa tambayoyi, aka sallamo shi. Washegari da hantsi na same shi a zaure na durƙusa.

Na ce, "Baba, ku bar ni in je in faɗa."

Ya ce, "Ka faɗa wa wa? Yarinyar nan ta rasa miji. In ta san kai ne, ta rasa yayanta kuma. 'Ya'yanta wa zai riƙe, ni da ƙafata ɗaya ke kabari? In aka kore ka, aka ɗaure ka, gida nawa ne ya mutu? Ni in ta ƙi ni, kwana nawa ya rage mini?" Sannan ya ce, "Muddin ina numfashi, in ka buɗe baki ban yafe ba."

Kwanakin da suka rage masa shekara goma sha ɗaya ne. Kuma tun da yau ranar faɗin gaskiya ce, bari in faɗa: da ya gama maganar nan, wani sanyi na ji ya sauka a raina. Na ji daɗi an hana ni. Babu abin da na tsana a rayuwata kamar sanyin nan.

Daga nan gari ya juya masa baya. Mai unguwa ya kafa doka, kube ba ya ƙara shiga ruwa. Waɗanda ya yi shekaru yana ƙetararwa suka ce dama su sun san za a yi haka. Aka fara raɗa cewa alkawari ne tsakaninsa da 'yan ruwa, in ba haka ba yaya mutumin da bai iya iyo ba zai yi ta yawo a kogi bai taɓa nutsewa ba, wai surukinsa ya ba su. Ku ji fa! Mutumin da ko laya bai taɓa ratayawa ba. Aka daina kawo masa ɗinki, aka daina kiransa ɗaurin aure. Ya haɗa ɗan akwatinsa ya riƙa tafiya Sharaɗa inda ba a san shi ba, ya zauna a bakin get ɗin wata masaƙa yana ɗinke silifa. Hannun da ya ƙera jirgi ke nan.

Ni kuwa sai gaba nake yi. Aka ba ni heluma, shugaban leburori. Na riƙe 'ya'yan ƙanwata, na sa su makaranta, ana ta sa mini albarka, ana cewa ɗan kirki, uban ya so ya halaka shi Allah ya kuɓutar da shi. Ina ji, ina cewa amin.

Ƙanwata ta gama takaba ta ci gaba da zama a ɗakin mijinta. Da salla takan aiko yara da abinci. In suka haɗu a hanya takan durƙusa ta ce "ina kwana", ba suna, ta tashi ta wuce. Shi kuma ya tsaya yana bin ta da kallo har ta sha kwana. Bai taɓa kawo ƙararta wurin kowa ba.

Ƙasusuwan kuben da aka tuɓe ya rataye su a rufin zaure. Duk shekara in hadari ya fara haɗuwa sai ya sa a sauko da su, ya bi ɗaurin ɗaya bayan ɗaya yana shafa mai. Inna, kafin ita ma ta rasu, takan ce, "Malam, me za ka yi da tarkacen nan?" Ya ce, "Ba laifinsa ba ne." Kogin ma daga baya ya canza, yau ja gobe baƙi, kifi ya ƙare, wari ya hana wanki. Baba yakan tsaya a gaci ya toshe hanci ya ce yanzu ko an ba shi izini ba zai sa fata mai daraja a cikin wannan ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, duk sallamar mace da ya ji sai ya ɗago kai ya ce, "Ita ce?" Sau biyu ta zo. Ta tsaya a bakin labule ta ce sannu, ta ɗan jima a tsaye, ta juya. Ana gobe zai cika ya sa na jawo tsohuwar jakarsa daga ƙarƙashin matashi. Facin ne a ciki, shuɗi kamar jiya aka yanko shi, da zaren robana a jiki. Ya ce, "Ka gani, ba ta ruɓe ba. A nan kam ka yi gaskiya." Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan.

Jiya aka yi sadakar bakwai. Yau da safe da baƙi suka watse, na aika a kira mini ƙanwata zaure. Ta zo ta zauna a bakin tabarma. Na ajiye facin a gabanta.

Na ce, "Ba Baba ba ne. Ni na yi wannan. Ya hana ni taɓa kuben, na taɓa. Ban sa gishiri ba, na kuma ga takalman a ƙafar mijinki na ce ya shiga."

Ba ta ɗauka ba. Ta dube shi, ta dube ni.

Ta ce, "Yaya, ni za ka nuna wa wannan? Ni na share lakar da ke kansa da hannuna. Huda fes har waje, da zaren roba. Ko makancewa ya yi ba zai yi wannan ɗinkin ba."

Na ce, "Kin sani? Tun yaushe?"

"Tun kafin a fito da gawar."

Na ce, "To ni kike gaisarwa, ni kike ba 'ya'yanki, shi kuma…"

Ta ce, "Kai kuskure ka yi. Kai da mijina kuka haɗu kuka yi gaggawarku, na bar ka da Allah tun ina cikin takaba. Shi kuwa ya dubi idona, ni da ya koya wa ɗinki, ya yi mini ƙarya a kan mutuwar mijina. Ya zauna shi kaɗai ya yanke abin da zan iya ɗauka da wanda ba zan iya ba, ko tambayata bai yi ba. Na rantse ba zan ƙara kiransa ba sai ya kira ni ya gaya mini da bakinsa. Sau biyu na tsaya a bakin labulen can ina jira."

Na ce, "Ni ma rantsar da ni ya yi, kada in faɗa sai bayan ransa. Don kada ki rasa ni."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce, "To ai shi ke nan. Kowa ya cika alkawarinsa."

Sai ta ɗaga kai ta ga ƙasusuwan kuben a rufin zaure, ɗaurin yana ta sheƙin man da Baba ya shafa musu a farkon daminar bana. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Baba," ta kifa kai a gwiwa. Kukan da Gwaggo ta nema kwana bakwai bai zo ba, yau ya zo, babu kuma wanda zai amsa.

Ranar Juma'a in an sallame zan tsaya a ƙofar masallaci in karanta takardar nan, wanda ya so ya tsaya, wanda ya so ya tsallaka titi. Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa kabarinsa, ya yafe masa ƙaryar nan guda ɗaya da ya yi saboda ni. Ku kuma da kuka yi shekara goma sha ɗaya kuna barin gurbi a sahu, daga yau kun san gefen wanda za ku bari. Ni na yi facin.